Inshorar lafiyar tsofaffi a Kebbi: Katin ganin likita ko katin karɓar magani?

Duk wanda ya saba zuwa Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi ko Babban Asibitin Argungu a ranar duba masu hawan jini da ciwon suga, ya san cewa ba a ɗakin likita dattijo yake shan wahala ba. Ganin likita na 'yan mintuna ne: a auna jini, a yi tambayoyi, a rubuta takarda. Wahalar tana farawa ne bayan an fito da takardar, domin abin da aka rubuta a kanta ba maganin kwana uku ba ne irin na zazzaɓin cizon sauro. Magani ne da za a sha yau, a sha gobe, a kuma ci gaba da saye kowane wata har ƙarshen rayuwa.

Wannan ne ya sa tambayar da ke gaban iyalai da dama a jihar ta sauya. A da, ana tambaya ne ko akwai amfani a yi wa tsoho inshorar lafiya. Yanzu, musamman a wajen 'ya'yan da ke aiki a Abuja, Legas ko ƙasashen waje suna son su sauke nauyin iyayensu da ke gida, tambayar ita ce wane irin tsari za a saya: mai araha wanda ke biyan kuɗin ganin likita da kwanciya asibiti amma ya bar maganin yau da kullum a wuyan iyali, ko kuwa mai tsada wanda ya yi alƙawarin ɗaukar nauyin maganin? Amsar tana buƙatar lissafi, tana kuma buƙatar sanin yadda harkar take tafiya a Kebbi, ba yadda ake tallata ta a manyan birane ba.

Inda inshora ke rabuwa da ma'aikaci

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da dokar 1999, amma bai fara aiki ba sai a 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. An gina shi ne a kan albashi: ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki suna zuba wani kaso, shi kuma ma'aikacin da matarsa ɗaya da 'ya'yansa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 suna samun kulawa, tare da biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da likita ya rubuta.

Raunin wannan gini a bayyane yake. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, malaman makaranta kuma dokar 2022 ta ɗaga nasu zuwa 65 ko 40. Da zarar albashi ya tsaya, gudunmawar da ake cira daga cikinsa ta tsaya. Ma'ana, mutum yana zuba kuɗi a shekarun da jikinsa ke da ƙarfi, sannan kariyar ta janye a daidai lokacin da gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara dushewa, jini ya fara hawa. Wannan ma ga wanda ya taɓa yin aikin albashi ke nan. Manomin shinkafa a fadamar Rima, masunci a Argungu, ɗan kasuwa a Jega da tsohuwar da ta yi rayuwarta a cikin gida, ba su taɓa shiga wannan lissafi ba.

A watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan sabuwar dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA. Dokar ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, inda ta ambaci tsofaffi tare da mata masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu buƙata ta musamman da matalauta. Sai dai tsakanin doka da aiki akwai tazara. Alƙaluman hukumar na 2025 sun nuna cewa kimanin mutum miliyan 20 ne ke cikin inshora a ƙasar da al'ummarta ta haura miliyan 200, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa. Wannan giɓi ne kamfanoni masu zaman kansu suka hango, suka fara sayar da tsare-tsare na musamman domin dattawa.

Ciwon tsufa, ciwon magani ne

Kafin a kwatanta tsare-tsaren, ya kamata a fahimci irin ciwon da ake son a kare. Matashi yana buƙatar inshora ne saboda abin da ka iya faɗowa kwatsam: haɗarin mota, tiyata, haihuwa mai wahala. Dattijo yana fuskantar waɗannan, amma babban nauyinsa shi ne cututtukan da ba a warkewa, sai dai a riƙa lallaɓa su. Kusan mutum ɗaya cikin kowane uku na manyan Najeriya yana da hawan jini, kuma adadin yana ƙaruwa da shekaru. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 'yan Najeriya kimanin miliyan 3.6 ne ke ɗauke da cutar. Sai kuma ciwon gaɓoɓi, kumburin mafitsara ga maza, hawan jinin ido da yanar ido.

Mai hawan jini yakan sha ƙwaya ɗaya ko biyu kullum, irin su amlodipine ko lisinopril. Mai ciwon suga yana shan metformin, wani kuma sai an haɗa masa da allurar insulin, ga kuɗin tsinken gwajin jini. Ba abin mamaki ba ne a samu dattijo ɗaya yana shan magunguna huɗu ko biyar a rana.

Abin da ke biyo bayan yanke magani shi ne ainihin haɗarin. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa idan kuɗi suka ƙare ake jinkirta sayen ƙwayar zuwa ƙarshen wata, ko a raba ta biyu, ko a koma ga jiƙo. Bayan watanni sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, ko bugun zuciya, ko lalacewar ƙoda. Mai ciwon ƙoda da ya kai matakin wanki yana buƙatar a yi masa sau biyu ko uku a mako, kuma kuɗin wankin mako ɗaya ya isa ya sayi maganin hawan jini na watanni. Don haka tsarin da ke biyan kuɗin gadon asibiti amma ba ya biyan maganin da zai hana a kai ga gadon, ya bar ƙofar da cutar ke shigowa a buɗe.

Yadda farashin magani ya tashi

Da a ce farashin magani yana nan yadda yake shekaru biyar da suka wuce, da wannan muhawara ba ta yi zafi haka ba. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake saya a kan kusan Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Tunda kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a ƙasar daga waje ake shigo da su, waɗanda ake haɗawa a gida ma sinadaransu daga Indiya da Chana suke zuwa, faɗuwar Naira ta sauka kai-tsaye a kantin magani.

A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da dakatar da harkokinsa kai-tsaye a Najeriya, Sanofi ma ya bi sahu a watan Nuwamba, dukkansu suka koma sayar da kayansu ta hannun dillalai. Gwamnatin Tarayya ta mayar da martani a watan Yunin 2024 da umarnin shugaban ƙasa na cire harajin kwastan da na VAT a kan sinadarai da injinan haɗa magani na tsawon shekara biyu. Matakin yana da amfani, amma bai mayar da farashi inda ya baro ba.

Ga Kebbi akwai ƙarin nauyi. Magani yana tasowa ne daga Legas ko Kano kafin ya iso Birnin Kebbi, daga nan kuma ya wuce Argungu, Kamba, Yauri ko Zuru, kowane zango da kuɗin motarsa. Rahoton talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sanya jihar cikin waɗanda fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanensu ke fama da talauci ta fuskoki da dama. Gwamna Nasir Idris ya amince da Naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a watan Oktoban 2024, amma ƙaramin ma'aikacin da ke riƙe da iyaye biyu masu shan magani kullum ya san abin da ke saura daga wannan kuɗi kafin tsakiyar wata.

Tsari iri biyu

Kamfanonin kula da inshorar lafiya da ake kira HMO, irin su Hygeia, AXA Mansard, Avon, Reliance da Leadway, suna aiki ne da lasisin NHIA. Tsare-tsarensu na gama-gari galibi suna da iyakar shekaru, yawanci 60 ko 65, shi ya sa wasunsu suka ware na dattawa daban, kuma kuɗinsa ya fi yawa. Sunayen tsare-tsaren sun bambanta, amma idan aka dubi batun magani, gida biyu suke.

Na farko shi ne wanda ke biyan kuɗin ganin likita, gwaje-gwaje, kwanciya asibiti na wasu kwanaki, ƙananan ayyukan tiyata da maganin ciwon da ya zo ya wuce, kamar zazzaɓi ko gudawa. Maganin cututtuka masu daɗewa ba ya ciki, ko kuma an sanya masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amfaninsa araha, da kuma kariya daga babban kuɗin da ka iya faɗowa dare ɗaya.

Na biyu ya ƙunshi duk waɗannan, sannan ya ƙara da maganin wata-wata na hawan jini, ciwon suga da makamantansu, wani lokaci har da kai maganin gida ko ba da damar karɓa a wani kantin magani da aka yi yarjejeniya da shi. Kuɗinsa ya fi yawa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Inshora tana tsayuwa ne a kan cewa mutane da yawa za su biya, kaɗan ne za su buƙata. Maganin hawan jini kuwa ba abu ne da ake shakkar za a buƙata ba: kamfani ya san tun ranar rajista cewa zai biya shi sau 12 a shekara. Saboda haka ko dai ya zuba kuɗin a cikin farashin tsarin, ko ya kare kansa da sharuɗɗa. Yawanci yana yin duka biyun.

Lissafin da ya kamata iyali su yi

Misali zai fayyace lamarin. Alƙaluman da ke tafe na kwatance ne kawai, ba farashin wani kamfani ba. A ɗauka wani tsohon malamin makaranta a Argungu yana sayen maganin hawan jini da na suga na Naira 20,000 a wata, wato Naira 240,000 a shekara. An kawo wa 'ya'yansa tsari biyu: marar magani a kan Naira 120,000, da mai magani a kan Naira 250,000 wanda iyakar abin da zai biya na magani a shekara ita ce Naira 200,000.

Idan suka ɗauki na farko, za su kashe Naira 360,000 a shekara, kuɗin tsari da na magani. Idan suka ɗauki na biyu, za su biya Naira 250,000, su cika Naira 40,000 da ta haura iyaka, jimilla Naira 290,000. A nan tsari mai tsada ya rage musu Naira 70,000.

To amma a ce tsarin na biyu yana da sharaɗin cewa ba zai fara biyan maganin ciwon da mutum ya shigo da shi ba sai bayan wata 12. A shekarar farko iyalin za su kashe Naira 490,000, wato sun fi mai tsari marar magani kashewa da Naira 130,000. Rangwamen Naira 70,000 na shekara ta biyu ba zai cike wannan rami ba, sai a shekara ta uku lissafin zai daidaita, idan har farashin tsarin bai tashi ba a tsakani.

Idan kuma dattijon ƙwaya ɗaya kawai yake sha ta Naira 5,000 a wata, to da tsari marar magani zai kashe Naira 180,000 a shekara, ya tsira da Naira 70,000 idan aka kwatanta da ɗayan. Ƙa'idar ke nan: a tara kuɗin maganin shekara daga takardun saye na haƙiƙa, a kwatanta shi da bambancin farashin tsare-tsaren biyu, sannan a duba iyaka da lokacin jira. Wanda ke shan magunguna da yawa, musamman mai allurar insulin, tsari mai magani ya fi masa. Wanda jikinsa ke da sauran ƙarfi kuma maganinsa kaɗan ne, zai iya ɗaukar mai araha, ya ware kuɗin maganin a gefe, muddin zai iya riƙe amanar wannan ajiya.

Akwai kuma abin da alƙalami ba ya kamawa. Kuɗin da ɗa ya turo domin magani yana iya tafiya a cefane, ko biki, ko kuɗin makarantar jika, domin dattijo kan fifita buƙatar gida a kan tasa. Maganin da aka riga aka biya ta hanyar inshora ba ya juyewa ya zama buhun masara. Ga wasu iyalai wannan kaɗai ya isa dalili.

Sharuɗɗan da ke cikin takarda

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a wannan harka tsada ma ba ta tabbatar da komai sai an karanta takardar yarjejeniya. Abu na farko da za a nema shi ne jerin magungunan da tsarin ya amince da su. Kamfanoni sun fi biyan magani da sunan sinadarinsa, ba da sunan wani fitaccen kamfani ba. Wannan ba laifi ba ne idan maganin yana da rajistar NAFDAC, domin aikinsu ɗaya. Matsala tana tasowa ne idan likita ya ɗora majinyaci a kan wani magani da babu shi a jerin kwata-kwata.

Na biyu shi ne ko iyakar kuɗin magani a ware take, ko kuwa a cikin jimillar kuɗin jinyar waje take, inda gwaje-gwaje biyu ko uku za su iya cinye ta. Na uku shi ne abubuwan da aka cire: wankin ƙoda, maganin ciwon daji, tiyatar yanar ido, tabarau da gashin ƙashi bayan shanyewar jiki, galibi ko dai ba sa ciki ko an taƙaita su ƙwarai. Na huɗu shi ne sabuntawa: shin kamfani zai ci gaba da karɓar dattijon idan ya kai shekara 75 ko 80, ko bayan ya yi doguwar jinya? Na biyar kuma shi ne abin da zai faru idan aka je karɓar magani aka ce babu: za a mayar wa majinyaci kuɗin da ya saya a waje, kuma cikin kwana nawa?

Ɓoye ciwo a lokacin rajista domin a kauce wa sharaɗin jira dabara ce da ke komawa kan mai ita, domin kamfani na da hurumin ƙin biya idan ya gano.

Tazara tsakanin kati da kanti

A nan ne Kebbi ta bambanta da Legas. Darajar katin inshora tana tsayawa ne a kan asibitoci da kantunan maganin da ke karɓarsa, kuma yawancin asibitocin da kamfanoni masu zaman kansu ke hulɗa da su suna manyan birane ne. A Kebbi manyan cibiyoyin jinya sun taru a babban birnin jiha da kewayensa: Asibitin Koyarwa na Tarayya, Asibitin Sir Yahaya da cibiyar lafiya ta Kalgo. Idan lamari ya yi tsanani kuma, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ake nufa. Dattijon da ke Argungu yana da tafiyar kusan kilomita 50 zuwa Birnin Kebbi. Na Augie, Kangiwa ko Dakingari, idan sai ya shiga mota da ɗan rakiya kowane wata kafin ya karɓi maganinsa, kuɗin mota zai cinye ribar da ake nema.

A ƙauyuka da yawa kemis ne asibitin farko, alhali lasisin da hukumar kula da harhaɗa magunguna ke ba masu kemis bai ba su izinin sayar da magungunan da sai da rubutun likita ba. A nan ne tsoho mai ciwon gwiwa ke sayen diclofenac ko ibuprofen yana sha kullum, ba tare da sanin cewa suna ƙara hawan jini suna kuma cutar da ƙoda ba. Ga mai insulin kuwa akwai batun ajiya: allurar na buƙatar sanyi, a yankin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 kuma wutar lantarki ba ta da tabbas. Tsarin da zai turo maganin wata uku a lokaci guda bai warware wannan ba.

Saboda haka tambaya mafi muhimmanci kafin a biya ko sisi ita ce: a wane asibiti kuma a wane kanti, da sunansa, dattijon zai karɓi maganinsa? Zai fi kyau wani daga cikin iyali ya taka da ƙafarsa ya tabbatar.

Zaɓi na uku: tsarin gwamnati

Kwatanta tsare-tsaren kamfanoni kaɗai zai zama rabin zance, domin mafi yawan tsofaffin Kebbi ba za su iya sayen ko ɗaya daga ciki ba. Jihar tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KECHEMA, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu. Ta hannun irin waɗannan hukumomi na jihohi ake yi wa masu rauni rajista da kuɗin Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Manufar ita ce a samu cibiyar lafiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, kuma Kebbi na da mazaɓu 225 a ƙananan hukumomi 21.

Akwai kuma shirin GIFSHIP da hukumar ta ƙasa ta ƙaddamar a 2020 domin waɗanda ba sa aikin gwamnati, ciki har da masu ritaya. Ya fara ne da Naira 15,000 ga mutum ɗaya a shekara idan an shiga a ƙungiyance, daga baya aka ƙara kuɗin. A misalin malamin Argungu, biyan kashi 10 cikin 100 na maganin Naira 240,000 yana nufin Naira 24,000 kacal a shekara. Babu wani tsarin kamfani da zai yi gogayya da wannan, idan har maganin yana kan kanta.

Wannan sharaɗi shi ne tsohon ciwon tsarin gwamnati. An shafe fiye da shekara goma ana biyan asibitoci Naira 750 a wata kan kowane mai rajista, kuɗin da hauhawar farashi ta mayar ba komai ba, abin da ya sa a faɗin ƙasa masu kati suka saba jin cewa magani ya ƙare. Hukumar NHIA ƙarƙashin Dakta Kelechi Ohiri ta ƙara wannan kuɗi a 2024, ta sake ƙarawa a 2025 zuwa kusan ninki biyu na asali, ta kuma umarci kamfanoni su riƙa ba da izinin jinya cikin awa ɗaya. Nasarar waɗannan matakai za a gan ta ne a tagar karɓar magani, ba a takardar sanarwa ba.

Darasi daga waje

Amurka ta bi ta wannan hanya. Ta kafa shirin Medicare domin 'yan shekara 65 zuwa sama a 1965, amma ta shafe shekara 40 shirin ba ya biyan maganin da ake sha a gida. Sai a 2006 aka fara aiki da sashen magani, bisa dokar 2003, kuma kamfanoni masu zaman kansu ne ke sayar da shi. Har yau dattijon Amurka yana zaɓa tsakanin tsari mai magani da marar magani, amma wanda ya yi jinkirin shiga ba tare da wata kariya ba ana ƙara masa kashi 1 cikin 100 kan kowane watan jinkiri. Hikimar ita ce a hana mutane jira sai ciwo ya kama su. Dokar 2022 kuma ta ƙayyade kuɗin insulin a kan Dala 35 a wata, ta kuma sanya iyakar Dala 2,000 a 2025 ga abin da dattijo zai biya na magani daga aljihunsa a shekara. Wato can an sanya iyakar ce domin kare majinyaci, a nan kuwa iyakar tana kare kamfani ne.

Ghana, wadda ta kafa nata shirin a 2003, ta yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama da 'yan fansho biyan kuɗin shekara. Darasin ƙasashen biyu ɗaya ne: kasuwa ita kaɗai ba ta iya ɗaukar nauyin maganin tsofaffi, sai hukuma ta sa hannu da kuɗi da doka.

Abin da ya rage a yi

Wasu dattawa suna ƙyamar inshora saboda shubuhar da malamai suka yi magana a kai game da inshorar kasuwanci. Wannan damuwa tana da mafita, domin tsarin taimakekeniya ya ginu ne a kan gudunmawa da agaza wa juna, kuma tun 2013 hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wanda kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful ke aiki da su. Masarautun Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru da malaman jihar suna da rawar takawa wajen fayyace wa jama'a wannan bambanci, da kuma ƙarfafa masu hali su yi amfani da zakka da waƙafi wajen yi wa tsofaffi marasa galihu rajista.

Kebbi tana da wani abin da za ta gina a kai. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, kuma ya bar manoman shinkafa a cikin ƙungiyoyi. Waɗannan ƙungiyoyi, da na masunta, da na 'yan kasuwa, da ƙungiyar 'yan fansho, za su iya yi wa dattawansu rajista a dunƙule, a biya kuɗin shekara lokacin girbi. Shiga a ƙungiyance yana rage farashi, yana kuma ba da bakin magana idan aka saɓa alƙawari.

A ɓangaren gwamnati, gwamnan da ya fito daga ƙungiyar malamai ya san halin ɗan fansho fiye da kowa. Tabbatar da cewa ma'aikaci bai fita daga kariya ranar ritayarsa ba, da sayen magungunan hawan jini da na suga a dunƙule domin cibiyoyin mazaɓu, su ne matakai biyu da za su fi taɓa rayuwar tsofaffi. Ita kuma NHIA ya kamata ta tilasta wa kamfanoni su bayyana iyakar kuɗin magani, lokacin jira da jerin asibitocinsu na kowace jiha a shafi ɗaya, cikin harshen da mai saye zai fahimta.

Kafin hakan ta samu, nauyin yana kan iyali. Su tattara takardun maganin iyayensu na wata uku, su yi lissafin shekara, su fara bincika tsarin jiha da na tarayya, sannan su duba na kamfanoni. Duk tsarin da ba zai iya faɗin inda tsohon zai karɓi ƙwayarsa a farkon kowane wata ba, bai amsa tambayar da ta kai su wurinsa ba.